Baƙar da Ke Gindin Randar Hindu

Rabin kaina a kitse yake, rabi a tsefe, ranar da Gambo mai zabi ya yi kuskuren da ya fi kowanne girma a rayuwarsa. Ina zaune a tabarma tsakanin gwiwoyin matarsa Hindu, tana yi mini kitso. Saboda haka abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba, a gabana aka yi shi.

Sunana Mairo. Gambo taubashina ne, ɗan kawuna Iliyasu, kuma a Gubuchi muka tashi tare. Tun muna yara ba ma haɗuwa mu rabu ban tsokane shi ba, har yanzu da furfura ta gama da mu duka. Bayan tagwaye aka haife shi, sunan ke nan. Taurin kai kuwa, in ana rabonsa a kasuwa to Gambo ne ya fara isa wurin.

Yana noman masara da dankali kamar kowa, amma da zabi aka san shi. Da damina ta faɗi zai tara ƙwan zabi ya zuba wa kaji su kwanta a kai. In 'ya'yan suka ƙyanƙyashe, babu abin da ke tashinsu kamar gara. Don haka kullum da sassafe za ka gan shi da dagi a kafaɗa da tsohon bokiti, ya nufi daji neman suri. A cikin surin nan ya san bida, ya kuma san ta fiye da yadda ya san wasu danginsa.

Bida 'yar macijiya ce mai zama cikin ƙasa. Sumul take, tana sheƙi, kanta da wutsiyarta kusan kamarsu ɗaya, shi ya sa ake cewa kai biyu gare ta. A da in fartanya ta tono ta a garinmu, salati ake sakawa a rufe ta da duka. Ana cewa wanda ta sara da safe ba ya ganin la'asar. Gambo ne ya kashe wannan maganar, da hannunsa. Zai ɗauke ta a gaban jama'a ya ɗora a tafinsa tana mutsu-mutsu, mata na ihu, shi yana dariya.

"Ke Mairo, jahilcinki ya yi yawa," yake ce mini in na ja da baya. "Bida ba ɗaya ba ce. Akwai babbar, mai kaurin yatsa, mai ɗigo-ɗigon baƙi da rawaya, ita ce ta suri. Akwai baƙa wuluk ta ƙarƙashin juji. Akwai ja-ja da yara ke ɗauka tsutsar tana ce har su nemi sa ta a ƙugiya. Sannan ga 'yar siririyar nan kamar zaren ɗinki, wadda sai kin ga ta fito da harshe za ki yarda maciji ce. Ita siririyar ma ba dangin babbar ba ce, maƙwabta ne kawai. Duk cikinsu babu mai dafi. Bakin ma da ƙyar yake ɗaukar ƙwan tururuwa. Ido kuwa ɗigo ne kawai a ƙarƙashin fata. Abin da kuke ji ya soke ku 'yar ƙaya ce a wutsiya, ko sauro ya fi ta mugunta."

Sai dai maganar tana da sauran rabi, kuma ba ya taɓa barinsa. Mahaifinsa, Kawu Iliyasu, wanda ya koya masa aikin suri, ya rayu ne da guntun yatsa a hannun hagu. Gambo yakan ce akwai wata baƙa da ba bida ba ce ko kaɗan, rigar bida kawai ta ara, kuma ita ta cinye yatsan tsohon. Kafin ka taɓa kowace baƙa, in ji shi, ka juya ta da kara ka duba cikinta. Bida ciki da baya ɓawonta iri ɗaya ne, ƙanana. Waccan kuwa ɓawon cikinta masu faɗi ne, a jere daga gefe zuwa gefe. Tana da ido na gaske ko da ƙarami ne. In ka taɓa ta sai ta lanƙwasa wuya ta soke hanci a ƙasa. Kuma babu inda ake riƙe ta, ko a bayan kai, domin ta gefen baki take fito da haƙori, bakin a rufe.

To ka san halinmu. Rabin magana muke ɗauka, wanda ya fi daɗin ji. Abin da ya zauna a kan mutanen garinmu shi ne bida ba ta sara, kuma in Gambo ya ce bida ce, an gama. Aka daina kashe su. Wanda ya tono wata a gona sai ya rufe ta a ƙoƙo ya kawo masa, shi kuma ya faɗi irinta ya mayar da ita suri. Har daga garin Taba an taɓa kawo masa wata a kwalba. Ba ya samun komai a ciki, amma duk wanda ya ga yadda yake gyara zama in an miƙo masa ƙoƙon nan ya san a nan girmansa yake.

Hindu kuwa Allah bai yi mace mai tsoron maciji kamarta ba. Igiya ta gani a ƙasa sai ta yi tsalle. Rabin zaman aurensu Gambo ya yi yana lallashinta kafin ta yarda ya ɗora mata siririyar nan a tafin hannu, kuma ranar da ta yarda zabo ya yanka don murna. Ita sana'arta kitso. Duk unguwar nan babu amaryar da aka kai ɗaki ba da kitson Hindu ba. Babban yatsanta na dama da manuni su ne jarinta, da su take kama gashin da bai kai rabin gaɓa ba ta kitse shi tsaf.

Tun bara na lura Gambo ya canza. In na shigo sai ya yi shiru har na yi magana, sannan ya ce, "Ashe ke ce, tsohuwar banza." Ya daina zuwa suri mai nisa sai autansu Abdulbaƙi ya kai shi a babur. Na ɗauka tsufa ne da sabon salon iskanci.

Ranar da abin ya faru an kwana ana ruwa, gari ya waye ƙasa a jiƙe. Da hantsi ne. Ban da ni akwai Wasila, amaryar maƙwabcinsu da aka kawo daga Kurmin Kogi, tana jiran a gama nawa a yi mata. Gambo yana can bakin akurki a kan kujera 'yar tsugunno, yana farfasa wa 'yan zabi ɓaraguzan suri. Wasila ta tashi shan ruwa. Tana kai hannu kan moɗa ta ƙwalla ƙara ta yo baya.

"Maciji! Baƙin maciji a gindin randa!"

Na leƙa. Ga shi nan a danshin gindin randar, baƙi sumul, bai wuce kamu ɗaya ba, yana jan jiki a hankali. Wasila ta ɓuya bayanmu tana haki, sannan ta tuna gidan da take, ta yi dariyar kunya.

"Baba, ai har garinmu ana labarinka," ta ce. "An ce kai daga nesa ma kake gane su."

Gambo ya ɗago kai ya dubi wajen randar. Bai tashi ba. Bai nemi kara ba.

"Bidar juji ce," ya ce. "Ruwa ne ya koro ta. Hindu, ɗauke ta ki kai bayan danga, kar zabin nan su tsattsage ta."

Hannun Hindu ya tsaya cak a cikin gashina. Na ji tsayuwar a fatar kaina. Ta ɗan jima haka, sannan ta soke mini kibiyar kitso a gashi, ta miƙe, ta je ta sunkuya ta kama abin a bayan kai da yatsa biyu.

Ba ta yi ihu ba. "Wash," kawai ta ce, ta yarfar da shi. Ban san lokacin da na rarumi tasar wanki na kife a kansa ba, na jawo dutse na danne.

"Ƙayar wutsiya ce ta soke ki," in ji Gambo daga inda yake.

"Ita ce, Malam," in ji Hindu.

Amma ta riƙe hannun da ɗayan ta matse a ƙirji, kuma gumi ya tsattsafo mata a goshi da sanyin nan na bayan ruwa. Na kamo hannun na duba. Huda ɗaya ce tak a gefen babban yatsa, ɗigon jini a kai. Ina kallo yatsan yana tashi. Da ƙyar na zare mata zoben da ke yatsa na kusa da shi, sai da na sa sabulu. Tana cije leɓe, hawaye na zuba ba sauti.

Ihun Wasila ya riga ya tara mutane. Kafin ka ce me gida ya cika. Aka buɗa wa Malam Sama'ila hanya, yayan Gambo, mai karantar da yara a zauren gidan gaba. Dattijo ne mai tsoron Allah, kuma yana ƙaunar Hindu kamar ƙanwarsa ta jini. Ya tsuguna ya daɗe yana duban hannun.

"Gambo, me ka ce ita ce?"

"Bida, Yaya."

"Bida tana sara?"

"Ba ta sara."

"To kun ji," in ji Malam Sama'ila. "Kuma maciji huda biyu yake bari, kowa ya sani. Wannan ɗaya ce, kamar ta allura. Dabbar da ba ta da dafi ta taɓa mutum hannu ya kumbura haka? Wannan ba aikin maciji ba ne. Jifa ne aka biyo da shi ta jikin dabba. A kawo mini allo da tawada, a hura garwashi."

Wallahi kowa ya gyaɗa kai, kuma ban ga laifinsu ba. Hankali ne ya kai su can. Mutumin da ya fi kowa sani ya ce bida ce, kuma shi ya koya musu bida ba ta sara. Mata suka fara ƙus-ƙus, ana lissafa masu baƙin cikin kitson Hindu.

Ana haka Abdulbaƙi ya faɗo gidan, ya jingine babur a ƙofa. Yana ganin hannun uwarsa ya ce a tashi a tafi asibitin Makarfi yanzun nan.

"Asibiti ba sa maganin jifa," wani ya ce masa. "Ubanka ya ce bida ce. Ka fi shi sani ne?"

Abdulbaƙi ya durƙusa gaban uwarsa. "Inna, don Allah ki tashi mu tafi."

"Ba inda za ni," ta ce. "Babanka ya ce bida ce."

Ni dai tsoro ne ya kama ni, sai kuma haushi ya biyo bayansa. Kumburin ya haye tafin hannu ya kama wuyan hannu. Bakin hudar ya fara yin duhu. Ta ce hammatarta na zogi, na taɓa na ji kaluluwa ta fito. Hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida, Malam Sama'ila yana rubutu da sauri, alƙalami na ƙara a kan allo. Tasar tana nan a kife da dutse a kai, babu mai ko kallonta.

Na dubi Gambo. Ya miƙe tsaye ya riƙe ginshiƙin akurki, leɓensa na motsi. Na san mutumin nan tun yana yawo ba wando, kuma na ga a fuskarsa ya sani. Na ratsa mutane na je kusa da kunnensa.

"Gambo, yau ba wasan taubashi nake yi ba. Je ka buɗe tasar nan ka duba."

"Ko na buɗe, Mairo…" ya ce.

"Ko ka buɗe me?"

Ya kawar da kai. Na ji kamar in shaƙe shi. Aka wanke allon aka ba Hindu ta sha. Ko sauka bai gama yi ba ta dawo da shi duka, ta ci gaba da kakari har ta kife a jikin Wasila. Aka ce abin ne yake faɗa da rubutun, a ƙara wani. Da aka ɗago ta idanunta sun yi ciki. Ta juya kai wajen akurki ta ce, "Malam," a hankali.

Wannan kiran ne ya karya shi. Ya saki ginshiƙin ya yi magana da muryar da duk gidan ya ji.

"Mairo, ɗauko muciya. Abdulbaƙi, ɗaga tasar nan da fartanya, kar ka sa hannu. Mairo, ki juya ta ki gaya mini abin da kika gani a cikinta."

Malam Sama'ila ya ɗago daga allon. "Kai kana tsaye, sai wani ya duba maka?"

"Yaya, ba na gani," in ji Gambo. "Tun bara ban ga fuskar kowa a gidan nan ba, inuwa kawai nake gani. Ban ga abin nan ba da na ce bida ce. Faɗa kawai na yi."

Abdulbaƙi ya ture dutsen ya ɗaga tasar da bakin fartanya. Na miƙa muciyar na taɓa ta.

"Ta lanƙwasa wuya," na ce. "Ta soke hanci a ƙasa."

"Juya ta."

Sau biyu tana zamewa kafin na samu na birkice ta. "Ɓawon cikin masu faɗi ne. A jere suke, daga gefe zuwa gefe."

"Ido fa?"

"Akwai. Ƙanana ne, amma ido ne."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ya ce. "Ita ce ta cinye yatsan Baba. Haƙori ɗaya take sokawa, shi ya sa hudar ɗaya ce. Abdulbaƙi, kashe ta. Ka tura ta a gwangwani da sanda, kar ka taɓa kan ko ta mutu. Ka tada babur."

Malam Sama'ila ya ajiye allon ya ce Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Da kansa ya warware rawaninsa ya miƙo, aka ɗaure Hindu a bayan ɗanta don kar ta faɗi. Ta buɗe baki za ta yi gardama, Gambo ya ce, "Hindu, ƙarya na yi. Ki tafi." Ni na hau bayanta na tallafe hannun, gwangwanin a leda yana rataye a gaban babur. Haka muka bi taɓon hanyar nan, muna zamewa muna miƙewa, ina kiran sunanta duk sanda kanta ya langaɓe. Sai a ƙofar asibiti wata ma'aikaciya ta nuna mini kibiyar da ke soke a kaina.

Daga Makarfi aka tura mu Zariya. Da suka duba abin da ke cikin gwangwanin suka ce irin wannan ba ta da allurar kanta, sai dai a sa ruwa, a kashe zafin, a tsare hannun kar ya ruɓe. Rai dai Allah Ya bar mana shi, hannun ma ya saɓe a hankali. Amma kan yatsan ya yi baƙi ƙirin, ya ƙi dawowa. Suka cire gaɓar farko.

Da muka dawo gida na tarar Gambo ya rame. Abdulbaƙi ne ke ciyar da zabin. Wani ya kawo masa ƙoƙo daga gona, ya ce a mayar da abin inda aka samo shi kuma kar a taɓa da hannu. Karon farko a rayuwata na zauna kusa da shi na rasa abin tsokana, tausayinsa ya hana ni.

Wata la'asar ina ɗakin Hindu ina sake mata ɗaurin yatsa, ya laluɓo bango ya shigo ya zauna a bakin gado.

"Hindu, na koya miki ana juya baƙa da kara kafin a taɓa."

"Ka koya mini, Malam."

"To me ya sa kika ɗauka?"

"Ai na san ba ka gani," ta ce. "Wa kake tsammani yake kawar maka da turmi daga hanya tun bara? Da na ga ba ka tashi ba na san faɗa kawai ka yi. Amma akwai baƙuwa a gidan, kuma ta gama yabonka ke nan. In na ɗauko kara, na ƙaryata ka a gabanta."

Ya kife fuska a tafukansa. Ni na tattara tsummana na fita, don ba na son ganin namiji yana irin wannan kukan.

Bayan kaka ya yarda aka kai shi aka duba idon. Yanar ido ce, suka ce, kuma ana cirewa. Abin da ya ɓoye shekara guda yana tsoron a sani, aikin yini ɗaya ne. Hindu kuwa har yau tana kitso, amma manya-manya, irin na tsofaffi da yara. Amare sun koma wajen wata.

Ina wurin ranar da aka cire masa bandeji daga ido na farko. Abdulbaƙi na tsaye a gabansa, Malam Sama'ila na gefe yana hamdala, ni kuma na shirya maganar da zan yaɓa masa in ya ga yadda na tsufa. Bai dubi ko ɗayanmu ba. Ya ƙyafta, ya ƙyafta, ya ce, "Hindu, miƙo hannun."

Ta ɓoye shi cikin mayafi. Ya sake cewa ta miƙo. Da ta miƙa sai ya ɗora shi a tafinsa, ya dubi bayansa, ya juya shi a hankali ya dubi cikinsa, har ma'aikacin asibitin ya ce mu ba na bayanmu wuri bai sake shi ba.